Gwanayen Jitar Bes: Wa Ya Fi, Kuma Wa Ya Kamata Mai Koyo Ya Bi?

Ɗana, na karanta tambayar da ka aiko daga Gadarif ta gabashin Sudan. Ka ce ka sayi jitar bes ta hannu, wato jitar nan mai kakkauran amo na ƙasa, ka fara bin wata ƙungiyar makaɗa zuwa gidajen biki, kuma gardama ta kaure tsakaninka da abokan kiɗanka a kan wanda ya fi kowa iya wannan jita a duniya. Wani ya kafe a kan Victor Wooten saboda bidiyoyinsa da ya gani a waya, wani ya ce Jaco Pastorius ba shi da na biyu, kai kuma kana son sanin gaskiyar magana, da kuma wanda ya kamata ka zauna ka koyi kiɗansa.

Idan suna ɗaya kake so, to James Jamerson ne, bayansa kuma Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, kuma na san wannan amsa ba za ta yi wa abokanka daɗi ba, domin babu ɗayansu da za ka gani a bidiyo yana gudu da yatsu har ido ya kasa bi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wanda shekarun da na yi ina riƙe da wannan jita a bukukuwan Wad Madani da Khartum suka koya mini: a cire kiɗan mutum daga cikin waƙa, a ga abin da zai saura. Idan waƙar ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba, to ado ya yi mata kawai. Idan kuwa ta zube, masu rawa suka rasa inda za su sa ƙafa, mawaƙi ya rasa inda zai jingina muryarsa, to wannan shi ne makaɗin bes na gaske.

Kafin mu shiga sunaye, akwai wata matsala da ta shafi yadda ku matasan yanzu kuke sauraron kiɗa. Jitar bes da aka saba da ita tsirkiya huɗu gare ta, kuma mafi kaurinsu, idan aka kaɗa ta ba tare da an danne ba, tana karkarwa kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙaramar lasifikar waya ba ta da girman da za ta tura iskar da wannan amo yake bukata, saboda haka abin da yake fitowa daga cikinta shi ne ƙarar yatsa a kan tsirkiya da sautukan sama, asalin amon kuwa ya ɓace. Shi ya sa makaɗan da suke dukan tsirkiya da babban yatsa, ko suke hawa can ƙarshen wuyan jita, su ne suke burge mai kallo a waya, wanda kuma yake aikinsa a ƙasa ba a ma jin ya zo wurin. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau, ko ka tsaya gaban babbar lasifikar ƙungiyarku ka ɗora tafin hannunka a jikinta, sannan ka sake jin waƙoƙin da zan ambata.

Aikin bes iri biyu ne a lokaci guda, kuma wannan ne ya bambanta shi da sauran kayan kiɗa. Da mai ganguna yake raba bugu, wato shi ne yake nuna wa jiki lokacin da zai motsa. Da masu ogan da goge da jita kuma yake raba sauti, domin sautin da ya zaɓa a ƙasa shi ne yake tabbatar da inda waƙa take zaune da inda za ta nufa. Na taɓa ganin hujjar wannan a wani biki a Madani, a ƙarƙashin rumfa, janareta yana ta ƙara a bayan katanga. Wani yaro ya gitta a guje ya fizge wayar da ta haɗa jitata da lasifika. Mawaƙi bai daina ba, mai ganguna bai daina ba, masu goge suna nan suna ja, amma cikin ɗan lokaci kaɗan matan da suke rawa suka fara kallon juna, tafi ya rarrabu, wata dattijuwa ta juyo tana tambayar ko wuta ce ta ɗauke. Babu wanda ya dubi inda nake tsaye, domin babu wanda ya san abin da ya ɓace.

Jitar kanta ba tsohuwa ba ce. Leo Fender ne ya fitar da samfurin da ya karɓu, mai suna Precision, a Kalifoniya a 1951, ya biyo da samfurin Jazz a 1960. Kafin nan makaɗa da babban goge na tsaye suke aiki, wanda ya kai tsawon mutum, ga wahalar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahonni suna danne muryarsa. Fender ya jera 'yan sandunan ƙarfe a gicciye a wuyan sabuwar jitar domin mai kiɗa ya riƙa samun sauti daidai ba da lalube ba, ya kuma haɗa ta da wutar lantarki. A shekarun farko yawancin masu riƙe ta abu ɗaya suke yi: tushen sauti a bugu na ɗaya, wani sauti a bugu na uku, a maimaita har waƙa ta ƙare.

A wannan hali Jamerson ya same ta. An haife shi a Karolina ta Kudu a 1936, ya koma Detroit yana saurayi, yana kaɗa babban goge na tsaye a gidajen jaz, ya fara aiki da kamfanin faifai na Motown na Berry Gordy a 1959. Shi da abokan aikinsa, waɗanda ake kira Funk Brothers, a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti suke yini suna kaɗa wa duk mawaƙin da aka kawo, Temptations ne, Supremes ne, Four Tops ne, Stevie Wonder ne ko Marvin Gaye. Da yatsa ɗaya tak na hannun dama yake kaɗawa, wato manuni, al'adar da ya taho da ita daga babban goge. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne, kuma ba ya canja su sai in sun tsinke. Ya bar su nesa da wuyan jita har wasu makaɗa suka riƙa cewa ba ta kaɗuwa a hannunsu. Akwai kuma soso a ƙarƙashinsu wanda yake hana amo yin tsawo. Da waɗannan kaya, da wani zai kira naƙasassu, ya sauya aikin bes gaba ɗaya.

Abin da ya kawo shi ne bes mai magana. Ka saurari "Bernadette" ta Four Tops ta 1967, ko "What's Going On" ta Marvin Gaye ta 1971, ka bi bes kaɗai da kunnenka. Za ka ji ba ya maimaita jimla ɗaya sau biyu iri ɗaya, yana shigowa gab da bugu ko jim kaɗan bayansa, yana bi ta sautukan da suke tsakani domin ya isa inda za shi, yana amfani da buɗaɗɗiyar tsirkiya a matsayin wurin taka ƙafa kafin ya yi tsalle. Duk da wannan yawo, ko sau ɗaya ba za ka ji ƙasa ta kuɓuce wa waƙar ba, kuma ba za ka ji ya taka muryar mawaƙi ba: inda Marvin Gaye ya ja numfashi, nan yake sa baki, kamar 'yan amshin da suka daɗe da ubangidansu har sun san inda zai ajiye baiti tun bai ajiye ba. Ana ba da labarin cewa a kwance a ƙasa ya kaɗa "What's Going On", bayan an ɗauko shi daga wani gidan rawa cikin dare. Ko ma yaya aka yi, haɗa 'yancin yawo da riƙon amana a cikin kiɗa ɗaya shi ne abin da ya fi komai wuya a wannan sana'a, kuma ban ji wanda ya kai shi a nan ba.

Motown ba ta rubuta sunayen makaɗanta a jikin faifai ba sai a 1971, saboda haka shekara da shekaru samari a Ingila da Amurka suna kwaikwayon mutumin da ba su san sunansa ba. Da kamfanin ya koma Los Angeles a 1972, salon kiɗa ya sauya, aka fara son amo mai kaifi, shi kuma ya ƙi canja tsirkiya, ga shaye-shaye ya kama shi, aiki ya yi ta raguwa har ya rasu a 1983 yana da shekara 47. Sai a 2000 aka shigar da sunansa zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll, kuma a 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerin gwanayen bes hamsin da ta fitar.

Cikin waɗanda suka sha daga gare shi har da Paul McCartney na Beatles, wanda da bakinsa ya amsa hakan. McCartney bahago ne, kuma bes ya faɗo masa ne a 1961 da Stuart Sutcliffe ya bar ƙungiyar; ya sayi wata ƙaramar jita ta Höfner a Hambug domin tana da araha kuma siffarta ɗaya ce ta kowane ɓangare. Darajarsa ita ce kunnen mai tsara waƙa: a "Something" ta 1969 bes ɗinsa waƙa ce ta biyu da take tafiya ƙarƙashin ta farko. A Los Angeles kuma akwai Carol Kaye, wadda ta fara da jita, ta ɗauki bes a 1963 ranar da wani makaɗi bai zo aiki ba, daga nan ta shiga dubban zaman ɗaukar sauti, ciki har da faifan Pet Sounds na Beach Boys na 1966. Da risha take kaɗawa, wato ɗan abin da ake riƙewa a kaɗa tsirkiya da shi a maimakon yatsa, irin yadda mai ud, garayar Larabawa, yake yi, kuma duk wanda ya ce maka kaɗa bes da risha ragwanci ne, ka tura shi ya saurare ta. John Entwistle na The Who da Jack Bruce na Cream da John Paul Jones na Led Zeppelin duk manya ne, amma kiɗansu ya yi nisa da abin da za a neme ka da shi a Gadarif, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Dukan tsirkiya da babban yatsa, wanda abokinka yake sha'awa, Larry Graham ake danganta wa, kuma larura ce ta haife shi. Yana saurayi yana yi wa mahaifiyarsa kiɗa a gidajen rawa na Kalifoniya, sai ya zamana ba su da mai ganguna. Ya fara dukan kakkaurar tsirkiya da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgar siririya da manuni a madadin ƙaramar ganga. Duniya ta ji wannan salo sosai a waƙar "Thank You" ta Sly and the Family Stone a ƙarshen 1969. Mu a Afirka abin bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba, domin makaɗan Gnawa na Maroko sun daɗe suna dukan gimbirinsu mai tsirkiya uku da babban yatsa da manuni, suna haɗawa da dukan fatar da aka rufe ta da ita, kuma duk wanda ya ga mai gurmi yana aiki ya san kayan tsirkiya suna iya zama ganga. Abin lura shi ne Graham ya yi haka ne domin ya cike gurbin da babu kowa. Wanda yake yi alhali mai ganguna yana zaune kusa da shi, sau da yawa faɗa yake ja.

Bootsy Collins yana da shekara 18 ya shiga ƙungiyar James Brown a 1970, kuma darasin da ya ce ya ɗauko a wurinsa shi ne bugu na ɗaya: ka sauka da dukan nauyinka a farkon kowane zagaye, tsakanin nan da zagaye na gaba kuma ka yi wasan da kake so. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar ta je Legas, suka ziyarci gidan kiɗan Fela Kuti, kuma Bootsy ya sha faɗin yadda abin da ya ji a can ya girgiza shi. Sai Bernard Edwards na ƙungiyar Chic, wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a irin gardamarku. Jimlar bes da ya yi a "Good Times" a 1979, sauti uku a jere sannan shiru sannan hawa, a kanta aka gina "Rapper's Delight" a wannan shekara, waƙar da ta fito da kiɗan rap kasuwa, kuma inuwarta tana cikin "Another One Bites the Dust" ta Queen ta 1980. Jimla ɗaya da ta ciyar da salon kiɗa uku ta fi mini gudun yatsu na awa guda.

Yanzu ga wanda nake so ka fi ba wa lokacinka. Ba sai na gaya wa ɗan Sudan matsayin Bob Marley ba, hotonsa yana jikin raksha da shagon aski, kuma bugun rege ya daɗe da shiga waƙoƙinmu na zamani. Amma kaɗan ne suka san cewa wanda yake jagorantar makaɗan ƙungiyarsa ta Wailers, yake tsara yadda kiɗa zai zauna, shi ne mai bes, Aston Barrett, wanda ake yi wa laƙabi da Family Man, ƙanensa Carlton kuma yana kan ganguna. An haife shi a Kingston ta Jamaika a 1946, kuma da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko. A salon da 'yan'uwan nan biyu suka shahara da shi, mai ganguna yana barin bugu na ɗaya fayau, ya sauke nauyinsa a na uku, wato kishiyar koyarwar James Brown ke nan. Wannan ya bar fili mai faɗi, kuma bes ne yake yanke shawarar inda za a cike da inda za a bari.

Ka saurari "Natural Mystic" da "Exodus" na 1977 da "Is This Love" ta 1978. Ka lura da cewa jimlolinsa ana iya rera su da baki, yaro ma zai iya riƙe su, sannan ka lura da tsawon kowane sauti, domin gwanintarsa ba a inda yake fara sauti kaɗai take ba, har da inda yake kashe shi. Yana rage kaifin jita har amo ya zama mai kauri da laushi, yana kaɗawa kusa da wuya, yana zama ɗan baya kaɗan da bugu ba tare da ya ja waƙa baya ba. Shi ne ya koyar da Robbie Shakespeare, wanda tare da Sly Dunbar suka riƙe kiɗan Jamaika shekaru da yawa. Shi ma ƙarshensa bai rasa ɗaci ba: ya kai ƙara wata kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙin aikinsa, ya sha kaye a 2006, ya rasu a watan Fabrairun 2024.

Jaco Pastorius kuwa abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce gwani ne. An haife shi a 1951, ya taso a Florida, ya fara da ganguna har ya ji rauni a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo, sannan ya koma bes. Ya cire sandunan ƙarfen da suke wuyan jitarsa ta Fender Jazz, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da irin ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa, sai jitar ta koma tana zamewa daga sauti zuwa sauti tana kuka kamar muryar mutum. Faifansa na 1976 ya sa makaɗan bes na duniya sun koma ɗaki sun rufe ƙofa, kuma aikinsa da ƙungiyar Weather Report a faifan Heavy Weather na 1977 ya nuna bes zai iya jan ragamar ƙungiya daga gaba. Ni dai inda na fi son sa shi ne faifan Hejira na Joni Mitchell na 1976, domin a can ne ya sa duk wannan baiwa a hidimar murya. Ciwon taɓin hankali da shaye-shaye suka cinye shi, ya rasu a 1987 yana da shekara 35, bayan dukan da wani mai gadin gidan rawa ya yi masa.

Dalilin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne, ya buɗe ƙofar da mutane da yawa suka shiga suka ɓata. Shi kansa ya yi shekaru yana kaɗa wa mutane kiɗan rawa a gidajen Florida dare bayan dare kafin duniya ta san shi, kuma bugunsa bai taɓa karkacewa ba. Masu kwaikwayonsa suka ɗauki gudun suka bar tushen. Amma akwai abin da ɗan Sudan zai ɗauka a wurinsa fiye da kowa: ud da goge, waɗanda kunnenmu ya taso da su, ba su da sandunan ƙarfe, kuma zamiyar da masu gogenmu suke yi tsakanin sauti da sauti, bes marar ƙarafa ne kaɗai zai iya bin ta. Haka maganar Victor Wooten take. Mutum ne da ya fara riƙe jita tun yana ɗan ƙaramin yaro a cikin 'yan'uwansa, ya ci lambar Grammy sau biyar, kuma abin da yake yi da babban yatsa sama da ƙasa ba wasa ba ne. Sai dai ka tambayi abokinka ya rera maka jimla ɗaya ta Wooten da baki, sannan ka ce ya rera ta "Billie Jean", wadda Louis Johnson ya kaɗa wa Michael Jackson a faifan Thriller na 1982, ka ga wadda za ta zo masa.

Irin jerin da mujallun Turai da Amurka suke fitarwa kusan duk sunayen Amurkawa da mutanen Ingila ne, kuma wannan ya fi nuna abin da masu rubutun suka saurara a kan abin da yake akwai. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu shi ne ƙashin bayan faifan Graceland na Paul Simon na 1986, da bes marar ƙarafa. Gajeren gudun nan da yake cikin "You Can Call Me Al", rabinsa na farko shi ya kaɗa, rabi na biyu kuma na farkon ne aka juya a na'ura ya koma da baya, saboda haka kada ka wahalar da kanka kana neman yadda yatsa ya yi shi. Kamaru ita kaɗai ta fitar da gwanayen bes da suka isa a yi musu littafi, domin kiɗan makosa a kan bes yake tsaye: Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Aladji Touré, Armand Sabal-Lecco, Étienne Mbappé, da Richard Bona. Bona, wanda aka haifa a 1967, yana yaro yana kiɗa a wani gidan jaz a Duwala ya ji faifan Jaco ya koma bes, daga baya kuma ya yi aiki da Joe Zawinul, mutumin da Jaco ya yi wa kiɗa a Weather Report. A Senegal akwai Habib Faye, wanda ya daɗe yana tsara kiɗan Youssou N'Dour, ya kuma rasu a 2018. Masu bes na rumbar Kwango kuma, a sashen nan na ƙarshen waƙa inda rawa take zafi, suna yin abin da zai sa gumi ya karyo wa duk wanda yake cikin jerin mujallun nan.

A gida kuma, tun da Sharhabil Ahmed ya shigo da jitar lantarki cikin waƙar Sudan, matarsa Zakiya tana kaɗa jita a ƙungiyarsa a zamanin da ba a saba ganin mace da ita ba, bes ya samu wurin zama a bayan manyan mawaƙa. Ka saurari faifan Muhammad Wardi na shekarunsa na baya, da na Abdul Aziz al-Mubarak ɗan Madani, da na Abdul Ƙadir Salim, ka kasa kunne ƙasa da goge da akodiyon. Za ka ji makaɗan da suka warware matsalar da babu ɗaya cikin Amurkawan nan da ya fuskanta, kuma yawancinsu, kamar Jamerson a Motown, mai sauraro bai san sunansu ba.

Matsalar kashi biyu ce. Ta farko, waƙarmu a kan sauti biyar take tafiya, kamar yawancin waƙoƙin Hausa na gargajiya, saboda haka sautukan tsakani da Jamerson yake bi ta kansu, idan ka zuba su yadda yake zubawa, za su yi wa waƙar baƙon ɗanɗano, mawaƙi ya juyo ya harare ka. Abin da za ka ɗauka a wurinsa shi ne lokacin shiga da lokacin yin shiru, sautukan kuwa ka tsaya cikin biyar ɗin nan, sai ɗan abin da kunnenka ya tabbatar maka ya zauna. Ta biyu ita ce bugu. Mardum na Kurdufan, wanda Abdul Ƙadir Salim ya yi fice da shi, shida ake ƙirga shi, kuma ana iya jin sa biyu-biyu ko uku-uku a lokaci ɗaya. Mai bes ne yake zaɓar wanda zai ƙarfafa, kuma idan ya yi ta sauya ra'ayi a tsakiyar waƙa, masu rawa ne za su fara sanin an samu matsala. Tumtum ma da nasa zaman, kuma babu bidiyon waje da zai koya maka shi. Wurin tsofaffin mata masu kaɗa gangar daluka za ka je ka ji inda suke sauke hannu.

Na san kuma abin da yake damun duk mai riƙe da wannan jita a yau, wato ogan. Mai biki ya gane cewa mutum ɗaya da ogan zai ba shi ganguna da bes da goge a kuɗin mutum ɗaya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa ƙungiyoyin Khartum da Madani, ba kowa ne yake da halin ɗaukar cikakkiyar ƙungiya ba. Bes ɗin da yake cikin ogan ba ya kuskure, amma ba ya jin mawaƙi: idan mawaƙi ya ƙara baiti domin an shigo da amarya, ko ya ja wata kalma domin wani dattijo ya taso yana kaɗa yatsu a kansa, na'ura ba ta san an yi ba. A nan kaɗai za ka fi ta, kuma wannan kunne ne irin na Jamerson da Barrett, ba saurin yatsa ba.

Saboda haka ga yadda zan tsara maka aiki. Ka ɗauki "My Girl" ta Temptations ta 1964, wadda take farawa da bes shi kaɗai a kan sauti biyu, ka kaɗa ta har sai sautukan nan biyu sun fito da tsawo ɗaya da nauyi ɗaya kowane zagaye. Za ka yi mamakin yadda abin yake da wuya. Daga nan ka koma kan waƙoƙin Barrett guda uku da na ambata, ka cire su da kunne, kada ka nemi wanda ya rubuta su a intanet, kuma kowace jimla ka rera ta da baki kafin ka taɓa tsirkiya. Ka koyi kashe tsirkiyar da ba ka kaɗawa, da babban yatsan dama da kuma cikin yatsun hagu, domin a lasifikar biki tsirkiyar da aka bari tana gurnani ita ce take mayar da kiɗa hayaniya. Bayan wannan sai "Good Times", sannan Jamerson na 1967 zuwa 1971, Jaco kuma ka ajiye shi sai hannunka ya nuna. A wurin biki ka tsaya kusa da mai ganguna ta yadda za ka riƙa ganin ƙafarsa ta dama, ka ɗaga lasifikarka daga kan rairayi ka ɗora ta a kan kujera ko akwati, kuma ka sake gyara tsirkiyoyinka bayan rana ta faɗi, domin jitar da aka gyara da la'asar a zafin Gadarif ba za ta kai isha'i a daidai ba.